Baba, jirgin nan ba nawa ba ne

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai sanyi.

Auta ya ce tun da na turo hoton nan Kawu yake baza labari a majalisa wai na sayi jirgi. Don Allah a kashe maganar tun kafin masu neman rance su cika mana zaure. Na maigidana ne. Ni mai nake zuba masa, da asuba in kankare ƙanƙarar da ta kwana a fukafukansa.

A nan jihar Alaska ta Amurka ƙaramin jirgi ba sai gwamna ba. Ƙauyuka da yawa babu titin da ya kai su, kai ko Juno, babban birnin jihar, sai ta sama ko ta ruwa. Jirgi shi ne akori-kurarsu, shi ke kai gari da magani, ya ɗauko mara lafiya. A garinmu Ankorej akwai tafkin Lake Hood, inda jirage ke sauka a kan ruwa kamar agwagi.

Kun tambayi tsadarsa. Namu Cessna 172 ne mai kujera huɗu, samfurin da aka fara ƙerawa tun 1956, wannan ɗin ma ya girme ni. Shi jirgi kamar doki ne, Baba, sayensa ba ya kai ciyar da shi wuya. A awa ɗaya yana shan wajen galan 8 na wani shuɗin mai. Kowace shekara sai makaniki mai lasisi ya buɗe shi ya duba ya sa hannu, in ba haka ba doka ta hana shi tashi. In injin ya kai wajen awa 2,000 a kwance shi a sabunta. Ga inshora, ga kuɗin wurin ajiya. Shi ya sa za ku ga mutum uku ko huɗu sun yi karo-karo sun riƙe ɗaya.

A gaya wa Auta, lasisin tuƙin jirgi a nan sai an cika shekara 17, an yi aƙalla awa 40 a sama, likita ya duba, an ci jarrabawa. Baƙo kuma sai hukumar tsaro ta tantance shi. Ya dage da lissafi da Turanci, ga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya nan kusa da shi.

Inna kuwa ta kwantar da hankalinta. Ko injin ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse, shawagi yake kamar shirwa har a nemi fili. Hazo ne matuƙa suka fi tsoro. Ran Talata mun gama loda kaya, maigida ya dubi duwatsu ya ga sun ɓace, ya ce a sauke, muka koma shan shayi.

Sau biyu na hau. Na farko na yi amai a leda, amma wannan kada Auta ya ji.

Kuɗin taki sai ƙarshen wata in sha Allah. A gaishe da Gwaggo, a ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku.