Amsa ga mai cewa ina yabon ɓarayin kiɗa

Malam, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka yi mini a bainar jama'a bayan shirina na rediyo a kan kiɗan ska na Ingila. Ka ce me zai sa Bahaushe ya zauna yana yabon Turawan da suka sace kiɗan mutanen Jamaika suka sayar wa samari masu aski ƙwal-kwabo, maƙiya baƙar fata. Ka ce kiɗan tsalle-tsalle ne kawai da bai yi ƙarko ba. Ka kuma kira ni ɗan koren Turawa. Wannan kalma ta ƙona mini rai, domin masu saurarena sun san shekarun da na yi ina faɗa da wariyar launin fata a wannan kujera.

Su wane ne Turawan da kake nufi? A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone a birnin Coventry, kuma tun daga sunan an nuna manufa: baƙi da fari a dandali ɗaya. A ƙungiyarsa, The Specials, Neville Staple da Lynval Golding haifaffun Jamaika ne. Pauline Black, mawaƙiyar ƙungiyar The Selecter, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Rico Rodriguez, mai busa ƙaho wanda ya yi kiɗan ska a Kingston, babban birnin Jamaika, tun farkonsa, shi suka ɗauko ya busa musu. 'Yan ƙungiyar Madness kuwa sunansu ma daga waƙar mawaƙin Jamaika Prince Buster suka samo shi, faifansu na farko yabonsa ne. Ɓarawo ba ya kiran mai kaya ya tsaya kusa da shi yana faɗa wa jama'a sunansa.

Gaskiya ne magoya bayan National Front, jam'iyyar masu ƙin baƙin haure da baƙar fata, sun riƙa cika wuraren wasan, suna ɗaga hannu irin na 'yan Nazi, suna tayar da faɗa. Amma abin da ka ɓoye wa masu karatunka shi ne mawaƙan sun sha dakatar da kiɗa su fuskance su. An lakaɗa wa Lynval Golding duka a Landan saboda launin fatarsa. A Afrilun 1981 aka kashe wani ɗalibi, Satnam Singh Gill, da wuƙa a tsakiyar Coventry, sai The Specials suka yi wasa na musamman a garin a watan Yuni don yaƙi da wariya. A watan Yuli waƙarsu Ghost Town, mai kukan rufe masana'antu da zaman kashe wando a zamanin Firaminista Thatcher, ta zama ta ɗaya a ƙasar, daidai lokacin da tarzoma ke cin unguwar Toxteth ta Liverpool. Waɗannan mutane ne kake haɗawa da masu dukansu.

Batun cewa kiɗan tsalle-tsalle ne da bai yi ƙarko ba, to, tashensa bai wuce shekara uku ba, na yarda. Sai dai Dammers ɗin ne ya rubuta waƙar Free Nelson Mandela a 1984, lokacin da matasan Ingila da yawa ba su taɓa jin sunan ba, yana kuma cikin waɗanda suka share fagen babban taron kiɗa na neman a saki Mandela da aka yi a filin wasa na Wembley a 1988.

Ban yi imani kishin Jamaika ne ya motsa ka ba. Da shi ne, da ka ambaci ko da mawaƙin Jamaika ɗaya a tambayarka. Ka nemi a tafa maka ne kawai, kuma wannan ɗabi'a ta yi mana yawa: duk wanda ya karanta tarihin wata al'umma ya kawo wa Hausawa, sai a liƙa masa suna kafin a saurare shi. Matasa da dama sun daina bincike saboda tsoron irin bakinka.

Shiri na gaba a kan ƙungiyar The Skatalites ne da mai busa ƙahonsu Don Drummond, wato tushen kiɗan a Kingston. Akwai kujera idan kana son zuwa mu yi magana a gaban masu sauraro.

Naka,
Mai gabatar da shirin