Aikin Gasa Hanyoyin Numfashi Ba Ya Raba Mai Asma da Maganinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan maganar da ake yaɗawa cewa akwai wani aiki da likitocin ƙasashen waje ke yi wa masu matsananciyar cutar asma, wadda muka fi sani da fuka, wanda ake cewa yana raba mutum da ita har abada. Aikin dai akwai shi, sunansa bronkiyal tamoplasti, amma ba haka lamarinsa yake ba.

Hanyoyin iska da ke cikin huhu suna kewaye da siririyar tsoka, wadda kan yi kauri a jikin mai asma, ta riƙa matsewa duk lokacin da ciwon ya tashi, har numfashi ya dinga fita da ƙyar yana fito. Abin da likita ke yi shi ne, bayan an ba majiyyaci maganin barci, sai ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta baki zuwa huhu, a cikinsa akwai waya mai ɗan kwando a kai wanda ke buɗewa ya taɓa bangon hanyar, ya gasa shi da zafin digiri 65 a ma'aunin Celsius na tsawon daƙiƙa 10, sannan a matsa gaba kaɗan a maimaita. Ba a yanka ko'ina. Zama uku ake yi, da tazarar kusan mako uku: ƙasan huhun dama, ƙasan na hagu, sannan saman duka biyun. Manufar ita ce tsokar ta ragu, ta yadda ko ciwon ya tashi ba za ta shaƙe hanyar sosai ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar, mai suna Alair, a shekarar 2010, ga 'yan shekara 18 zuwa sama kawai, waɗanda asmarsu ta gagari magungunan shaƙa na yau da kullum. Binciken da aka dogara da shi, AIR2, ya ƙunshi mutum 288, aka yi wa wasu aikin gaske, wasu kuma aka zura musu bututun ba tare da an gasa komai ba. Waɗanda aka yi wa na gaske sun samu raguwar mummunan tashin ciwo da kimanin kashi 32 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a gasa wa komai ba, zuwansu sashen gaggawa ma ya ragu sosai. Sai dai su ma waɗanda ba a gasa musu komai ba da yawansu sun ce sun ji sauƙi, abin da ya sa masana suka daɗe suna jayayya a kan girman amfanin aikin. Haka kuma a makonnin da ake yin sa ciwon kan ƙara tsananta, har wasu su kwanta a asibiti, kuma ba a yin aikin ga wanda ke da na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa. Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne, bayan an gama, majiyyaci yana ci gaba da shaƙar maganinsa. Ga shi kuma tun da aka samu sababbin alluran asma mai tsanani irin su mepolizumab a 2015 da tezepelumab a 2021, likitoci da dama sun karkata gare su, duk da ɗan karen tsadarsu.

Damuwata ita ce yadda wannan labari zai sauka a kunnen mutanenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asma ta kashe mutum 455,000 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ake fama da rashin gano cutar da rashin magani. A ganina, yawancin abin da muke kira asma mai tsanani a nan, asma ce da ba a taɓa yi wa magani yadda ya kamata ba. Mutum ne zai riƙe shuɗin abin shaƙa na salbutamol, wanda ke buɗe ƙirji na ɗan lokaci kawai, yana fesawa dare da rana idan ƙurar hunturu ta sauko, in abin ya ƙi sai ya aika kemis a sayo masa ƙwayar prednisolone, wadda yawan shanta ke jawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi. Abin shaƙa mai kashe kumburin hanyoyin iska, irin su budesonide, wanda shi ne ginshiƙin magani, wataƙila bai taɓa riƙe shi ba, ko kuma yana fesa shi a kan harshe ba ya kaiwa huhu. Irin wannan majiyyaci, ko ya sayar da gona ya tafi Indiya ko Masar, likitan kirki ba zai yi masa aikin ba sai ya fara ɗora shi a kan wannan maganin na tsawon watanni.

Saboda haka nake roƙon jaridarku ta gayyaci likitan huhu daga ɗaya daga cikin asibitocin koyarwarmu, kafin Ranar Asma ta Duniya da ake yi a Talatar farko ta watan Mayu, ya bayyana wa masu karatu bambancin magungunan shaƙa guda biyun, da yadda ake riƙe su, da kuma irin majiyyacin da ya cancanci a tura shi neman wannan aiki.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya, Kano.