Takardun imel da ke isowa da sunan winmail.dat

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin ofisoshi kan wata matsala da suke ɗauka ƙarama, alhali tana jawo wa jama'a wahala da asara.

A watan jiya wani ofishi ya aiko wa ƙanwata takardar gayyata zuwa ganawar ɗaukar aiki ta imel. Saƙon ya shigo wayarta lafiya, amma maimakon takardar da aka ce an haɗa, sai ta tarar da wani fayil mai suna winmail.dat, wanda duk yadda ta yi da shi ya ƙi buɗuwa. Da ta kira su, jami'in da ya amsa ya ce mata wayarta ce ke da matsala, domin shi yana ganin takardar a kwamfutarsa. Kwana biyu ta yi tana zarya tsakanin masu gyaran waya, har wani ya ce mata ƙwayar cutar kwamfuta ce, ta goge shi kawai.

Gaskiyar magana ita ce daga wajen mai aikawa abin ya taso. Manhajar imel ta Outlook, samfurinta na kwamfuta da ake kira classic, tana da tsarin rubutu guda uku: HTML, da Plain Text, da Rich Text. Idan aka rubuta saƙo a tsarin Rich Text, manhajar takan ƙunshe kwalliyar rubutun, wato launi da girman haruffa, tare da takardun da aka haɗa, duka a ƙulli ɗaya bisa wani tsari na Microsoft da ake kira TNEF. Wanda ke amfani da Outlook ba zai ga wata matsala ba, domin manhajarsa tana kwance ƙullin da kanta, amma manhajojin da ba su san tsarin ba, irin su Mail na iPhone, sai su nuna shi yadda ya zo. Shi ya sa jami'in ke ganin ya yi aikinsa, ita kuwa tana riƙe da abin da ba ta iya karantawa.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Mai aikawa ya shiga File, sannan Options, sannan Mail, ya mayar da tsarin rubutu zuwa HTML ko Plain Text. Idan matsalar ta ci gaba da mutum guda, ya goge adireshinsa daga jerin da Outlook ke kawowa da kansa, ya sake rubuta shi da hannu, domin tsohon tsari yakan maƙale a can.

Ga wanda saƙon ya riga ya iske, akwai manhajoji kamar TNEF's Enough da Winmail Opener da ke buɗe fayil ɗin. Sai dai ban yarda mutum ya ɗora takardar aikinsa ko sakamakon asibitinsa a wani shafin intanet da bai san masu shi ba, don kawai sun yi alkawarin buɗe masa. Ya fi alheri ya nemi a sake aiko masa.

Ƙanwata ta samu takardarta saura kwana ɗaya a yi ganawar. Ina kira ga shugabannin ofisoshi da su umarci masu kula da kwamfutocinsu su duba wannan tsari tun kafin a aika gayyata ta gaba.

Na gode.

Mai karatu daga Zariya