Rahoton ayyukan shekara ga membobin ƙungiyarmu ta karatun yaran zango, Kumasi

Assalamu alaikum iyaye, malamai da 'yan uwa. Ga abin da muka yi bana, lissafin kuɗi kuwa ma'aji zai karanto shi sidi-sidi ranar taro in sha Allahu.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne darasin lissafi da turanci na bayan la'asar. Tun 2017 da aka mai da sakandare kyauta yaranmu na Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line suna shiga sosai, alhamdulillahi, amma shiga daban, fita da sakamakon da zai kai yaro jami'a daban. Iyaye da yawa ba su san cewa jami'a ba ta karɓar makin D7 a karatun digiri ba, sai daga A1 zuwa C6 a darussa shida na WASSCE, jarrabawar gama sakandare, uku na dole uku na zaɓi, kuma lissafi yana cikin na dolen, to nan ne yawancin namu suke tuntuɓe. Wata yarinya ta zo mana da takardar sakamakonta ta ninke ta huɗu a cikin hijabi, tana buɗewa na ga B3, B2, C4, sai lissafi D7. Mamarta mai sai da koko da ƙosai ce, ta ɗauka an faɗi duka, har ta gama magana da telar da za ta koya mata ɗinki. Na ce Hajiya, Allah ya bar mu da sana'a, amma yarinyar nan darasi ɗaya ne ya riƙe ta, ki ba mu ita wata shida. Muka biya mata Nobdek, wato WASSCE ta masu sake zama, ta zauna da malamanmu, yanzu fom ɗinta yana KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, muna jiran kira. Wallahi irin wannan takarda suna nan da yawa ƙarƙashin katifa a gidajenmu, don Allah ku fito da su mu gani.

Malaman nan duk 'ya'yanmu ne da ke jami'a, ko kuɗin trotro wani lokaci daga aljihunsu yake fita, Allah ya saka musu.

Sai maganar fom da rance. Mun zauna da kwamfuta a harabar masallaci muna cike wa yara fom, muna kuma bayyana musu cewa tun 2022 rancen ɗalibai ba ya buƙatar mai tsaya maka, Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ya isa, sannan daga 2025 gwamnati ta ɗauke kuɗin karatun shekarar farko a jami'o'inta. Matsalar ita ce wasu yaran ba su da takardar haihuwa ballantana katin, sai mun raka su mun yi ta sintiri. Iyaye mata, ana gama suna a je a yi wa jariri rajista, kar a bari sai ya yi gemu.

Mun kuma kai ɗaliban aji uku ziyara KNUST. Abin ya taɓa ni, yaro an haife shi a Aboabo, kullum yana jin kwandasta na kiran Tek, Tek, wato KNUST, amma bai taɓa wuce ƙofar ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya bakin laburare ya tambaye ni a hankali, yaya, mu ma ana barinmu mu shiga?

Yanzu batun masu bincike, wanda muka daɗe muna gardama a kai. Ba yau aka fara nazarin zango ba, Ba'amurkiyar nan Enid Schildkrout ta fitar da littafi kan zangon Kumasi tun 1978, rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Karaci kuwa suna ajiye a cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Ghana da ke Legon, amma mu nawa muka taɓa ganinsu? Har gobe ɗalibai suna zuwa da takardun tambayoyi, mutum nawa ne a ɗaki, nawa kuke samu, ina kuke zuba shara, a ɗauki hoton gota a tafi, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Bana muka kafa sharaɗi: duk wanda muka haɗa da jama'a sai ya dawo ya faɗi abin da ya gano da Hausa, gaban waɗanda ya tambaya. Wata ɗaliba da ta yi aiki kan 'yan mata masu barin karatu ta cika alkawari, ta dawo, iyaye mata suka gyara mata abubuwa da dama tana rubutawa, ni a ganina aikinta ma ya fi kyau bayan zaman nan. Burina dai in ga namu yaran su ne ke riƙe da takardun tambayoyin.

Inda muka gaza shi ne ajin yaƙi da jahilci na ƙannenmu 'yan kaya na Kejetia. Mun sa lokacin da suke tsakiyar aiki, kuma yawancinsu Dagbani ko Mampruli suke ji, ba mu tanadi mai fassara ba. Laifinmu ne, za mu sake shiri a mai da shi dare.

Masu bashin kuɗin wata a taimaka a tura ta MoMo, wato ta waya, kafin taro, rajistar Nobdek ba ta jira. Muna kuma neman ƙarin malamin lissafi ɗaya da benci huɗu, wanda yake da hali ya ga sakatare bayan sallar Juma'a.