Godiya ta musamman ga mutanen shagon keken tsere na Al Quoz, Allah ya ƙara kasuwa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga maigidan shago, da malamin da ke auna mutum a kan keke, da makanikai na can baya waɗanda ba a cika ganinsu ba sai dai a ji ƙarar famfo, sannan musamman ƙanena ɗan Zangon Kumasi wanda na san shi ne zai karanta wannan takarda ya fassara muku, dan Allah ƙanena kar ka rage komai, yadda na rubuta haka za ka faɗa musu. Na zaɓi in yi godiyar nan a fili kuma da Hausa saboda 'yan uwanmu da ke zaune a Dubai da masu shigowa saro kaya, da yawa suna tambayata ina na samu keken nan kuma wa ya ba ni shawara, toh ga amsar gaba ɗaya kowa ya karanta.

Ni ɗan kasuwa ne a Deira, kuma abin da ya riƙe min lafiya a garin nan shi ne hawan keke bayan sallar asuba, ranakun aiki in zaga filin hawan keke na Nad Al Sheba inda ake da zagayen kilomita 4 da 6 da 8, ƙarshen mako kuma mu fita Al Qudra da abokai mu yi babban zagayen nan na kilomita 50 cikin sahara, wani lokaci har barewa ta tsallaka gabanka. Duk wanda ya san wuraren nan ya san shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, babu wani hawa na a zo a gani, kwalta ce sumul sai iska. Tsohon kekena na alminiyam ya yi min hidima Allah ya sani, amma in 'yan gaba suka buɗe wuta sai dai in hango bayansu, don haka na tara kuɗi na ce bari in sayi babban keke sau ɗaya in huta. Na leƙa wurare kafin in zo gunku, ba zan kira sunan kowa ba, amma kusan ko ina tambayar farko ita ce nawa ka ware, sai a miƙo maka keke ace ɗaga da yatsa ɗaya kaji rashin nauyi, kai kuma ka ɗaga kaji kamar ba komai a hannunka zuciya ta fara rawa. Ku kuwa tambayar farko da kuka yi min ita ce a ina nake hawa, da gudun nawa, ni kaɗai ko cikin ayari, kuma ina zuwa hawan duwatsun Jebel Jais ko Hatta ko kuwa a'a. Da nace ni da dutse sai dai daga nesa, nan take malamin ya maida keke mara nauyi kan marataya ya ja ni ɗaya ɓangaren na kekunan da aka ƙera don keta iska.

Bayanin da ya yi min a tsaye a wurin shi ne abin da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Yace a miƙaƙƙiyar hanya abin da kake faɗa da shi iska ce, in ka haura kilomita 30 a awa mafi yawan ƙarfin ƙafarka wajen keta iska yake tafiya, kuma ita iska ba ta ƙaruwa daidai da gudunka, ninkuwa take yi, in kana so ka ninka gudu sau biyu sai ka nemo ƙarfin keta iska sau takwas. Ya ɗauko waya ya buga lissafin a gabana, daga 30 zuwa 35 kawai, wannan ɗan biyar ɗin da ake rainawa, ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari yake nema. Shi kuwa nauyi, ƙarin kilo ɗaya a kan kwalta shimfiɗaɗɗiya in ka riga ka ɗau gudu bai kai ya ci maka wat ɗaya ba, wato ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke bayarwa. Wato dubban dirhami da mutum zai zuba don a rage masa rabin kilo, a Al Qudra kusan sadaka ya yi wa kamfani. Dama hukumar tseren keke ta duniya UCI ta kafa dokar cewa keken gasa kar ya gaza kilo 6.8 tun shekarar 2000, kuma wannan kokawar rage nauyi ta masu hawan duwatsun Faransa da Italiya ce, ba tamu ba. Sannan ya ƙara da abin da mai son sayar da keke ba zai so ya faɗa ba, cewa a cikin abin da iska ke turewa kaso mafi girma jikin mahayin ne, wajen kashi uku cikin huɗu, keken kansa ɗan ragowar ne. Ni da na taso ina ganin dattawanmu a kan Raleigh da babbar riga iskar hunturu ta cika ta tana jan su baya suna ta dannan feda, ai ban buƙaci ƙarin bayani ba.

Abu na biyu da ya burge ni, kun faɗa min har kekunan da ba ku sayarwa. Malamin ya lissafo min Cervélo S5 da Trek Madone da Scott Foil da Merida Reacto da Giant Propel, ya kawo Canyon Aeroad wanda ɗan tsere Mathieu van der Poel ya ci gasar Paris-Roubaix ta Faransa da shi a 2023 da 2024 da 2025, yace in ina so in duba shi ma ba laifi, su Canyon galibi ta intanet suke sayarwa kai tsaye. Ya ambaci Colnago Y1Rs na su zakaran tsere Tadej Pogačar da ƙungiyarsa ta UAE, ya yi dariya yace wannan in na saya sai dai in riƙa kwana kusa da shi, don irin waɗannan na saman layi farashinsu ya haura dala dubu 12. Kuma ya faɗi gaskiya cewa tsakanin manyan kekunan keta iska na zamanin nan bambancin ɗan kaɗan ne, wanda ya zauna da jikinka shi ne mai gudu a wurinka. Wallahi ɗan kasuwa ne ni, na san wuyar ka ambaci kayan maƙwabcinka da alheri alhali naka na jingine a bango.

Daga nan aka ɗora ni kan keken awo, kuma a nan aka ɓata lokaci sosai, ni har na fara jin kunya ina cewa a bar shi haka ya isa, malamin yace a'a Alhaji zauna. An auna tsawon ƙafa, an duba yadda gwiwa ke sauka kan feda, an sa na sunkuya don a ga iya inda bayana zai lanƙwasa ba tare da ƙugu ya fara karkacewa ba. Ashe tsayina ya faɗa tsakanin sayiz biyu, suka zaɓa min ƙaramin. Kan keken da na saba da shi faɗinsa santimita 42 ne, aka maida ni 38, kafaɗa ta shige ciki ƙirji ya daina tarar iska. Hannun feda kuma aka rage daga milimita 172.5 zuwa 165, wai in ya gajarta cinya ba ta dukan ciki in ka kwanta a kan keke, ga mu da ɗan tumbin shinkafa kuwa wannan magana ce babba. Abin da na fi yaba wa malamin shi ne bai kwantar da ni irin na 'yan gasa ba, yace kwanciyar da ba za ka iya riƙewa awa biyu ba banza ce, za ka miƙe zaune ne a rabin hanya iska ta karɓi abinta, don haka ya bar 'yan zobba a ƙarƙashin kan keken yace in jiki ya saba in dawo a cire ɗaya bayan ɗaya, kar a yanke bututun wuyan keken tun yanzu.

A ƙarshe Giant Propel na ɗauka, kuma ko a nan ma kun hana ni kashe kuɗin banza. Akwai na saman wanda sandar sirdinsa haɗe take da firam, sai an yanke ta daidai tsayinka, kuka ce in na tashi sayarwa ko sa shi a akwatin jirgi zan sha wahala, na ɗauki mai bi masa wanda sirdi ke hawa da sauka. Giya kuma na zo da Dura-Ace, wato na saman layi, a baki, kuka ce mai bi masa Ultegra Di2 canjinsa na lantarki ne shi ma, giya 12 a baya shi ma, bambancin 'yan giram ne waɗanda ba zan taɓa ji ba a hanyar da babu hawa, kuma ranar da kaca ko haƙoran baya suka cinye kuɗin canji ya fi sauƙi. Haƙoran gaba 52 da 36, na baya 11 zuwa 30, kuka ce kar in nemi masu faɗi irin na hawan dutse don a shimfiɗe abin da ake so shi ne giyoyi su kasance kusa da juna, ka canza ɗaya ƙafa ba ta ji tsalle ba. Rarar kuɗin aka zuba a hular kwano mai keta iska da riga mai kama jiki da tayoyi masu kyau, har canji ya rage na aika gida.

Maganar gargare kuwa sai da muka ɗan ja. Ni ina son masu zurfin nan sosai don ƙarar da suke yi in ana gudu tana min daɗi, kar ku ga laifina. Makanikin ku babba, wannan bawan Allah ɗan Filifin mai ƙarancin magana, ya girgiza kai kawai yace in bar na milimita 50 da suka zo da keken, saboda Al Qudra fili ne babu gini babu bishiya, in iskar shamal ta taso daga arewa maso yamma ta bugi tayar gaba ta gefe, mai zurfi sosai fizgar kan keke yake yi, kuma kana cikin ayari taya kusa da taya ba wurin fizga ba ne. Taya kuma mai faɗin milimita 28 aka sa min tubles, wato mara tiyub, aka rage iska ƙasa da yadda na saba, ni da na taso da cewa siririyar taya mai tauri kamar ƙarfe ita ce gudu, aka nuna min cewa mai tauri tsalle take a kan ƙananan tsakuwa tana ɓarar da ƙarfi, ga gajiyar hannu da baya.

Ƙanena ɗan Kumasi, kai kuma godiyarka daban ce. Kai ka zaunar da ni ka koya min abin da takardar kamfani ba ta faɗa ba game da garin nan: cewa ruwan faci na cikin tubles saurin bushewa yake a zafin Dubai sai an riƙa dubawa ana ƙarawa, cewa man kaca mai danƙo yashi yake kwasa ya zama kamar sanfefa ya cinye haƙora don haka a koma kakin kaca, cewa gumi gishiri ne in ya zuba kan kusoshi da boris na wuyan keke tsatsa yake kawowa a riƙa ɗauraye shi da ruwa, cewa kar in bar keken kabon a rufaffiyar mota da rana tsaka, kuma kar in ɗaure kusa da ƙarfin hannu sai da sifana mai awo don kabon ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Ranar da giyar baya ta fara ƙara na kawo ba tare da na yi waya ba, kana cikin aiki ka ajiye ka duba, ashe ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ne ya ɗan karkace wajen sa keken a mota, ka miƙe shi ka ce in tafi ba komai, na matsa ka karɓi na shayi ka ƙi. Da kaji ina shirin tafiya da shi Kano hutu in gwada hanyar Wudil, ka haɗa min wannan ɗan ƙarfen guda na ajiya da kaca da robar birki da tiyub, kace irin waɗannan kowane keke da nasa, in ya karye a gida sai dai a jingine keken a jira mai zuwa daga waje, sannan kace in sa taya 30 don kwaltarmu ba ta Al Qudra ba ce. Iyayenka sun yi tarbiyya, Allah ya saka musu.

Game da gudu ba zan cika baki ba, ban zama Biniam Girmay ba, wannan ɗan Eritiriya da ya ɗauko koriyar rigar wanda ya fi tara maki a gasar Tour de France na 2024 ya faranta wa duk Afirka rai. Amma dai yanzu in ayari ya buɗe wuta a dogon miƙen nan ina cikinsu, har nakan karɓi gaba in ja na ɗan lokaci, kuma na sauka daga keke ba ciwon wuya ba mutuwar yatsu, in wuce shago in yi ciniki har dare. Ina ma tunanin sa sunana a gasar Spinneys Dubai 92 in Allah ya kai mu.

'Yan uwa masu niyyar zuwa, ku je da wandon keke da takalmin da kuke hawa da shi, ku ware lokaci kar ku je kuna duba agogo, kuma ku faɗi gaskiyar inda kuke hawa da gudun da kuke yi, kar a ƙara gishiri don awon da shi za a yi. Maigida kuma ga roƙona ɗaya, a ƙara wa makanikai hannu ko mutum ɗaya ne, don in sanyi ya shigo daga Nuwamba kowa ya fito da kekensa layin gyara yana tsawo, yaran nan suna wuni a tsaye.

Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a dukiya da iyali, ya tsare mu a kan hanya baki ɗaya.

Naku,
wani ɗan Kano mazaunin Deira