Godiya ga ma'aikatan ofishin rajistar motoci na PRA a Torino

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ku baki ɗaya.

Na rubuto ne a kan wata 'yar ƙaramar mota, Fiat 500 F ƙirar 1966, da kuma takarda mai shafi uku da kuka damƙa mini a kanta. Na yi muku godiya da baki a ranar, amma Italiyancina bai kai inda zuciyata ta kai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da harshen da na sha a nono, don 'yan uwana da ke zaune a ƙasar nan su ma su san aikinku.

A wata rumfar ajiyar ciyawa na same ta, a wani ƙauye na yankin Kuniyo. Tayoyi sun kwanta, tamfol ɗin rufin ya yage, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Mahaifina direban babbar Fiyat ne a Kano, da ƙarar injinta na tashi, don haka ganin tambarin nan a goshin motar ya isa. Muka yi ciniki da saurayin da ke gidan, ya miƙo mini tsohon littafin motar, na zo wurinku da murna a mai da ita sunana.

Baiwar Allah da ke bakin taga ta duba littafin, ta duba kwamfuta, ta ce in dakata. Sunan da ke rajista na mahaifin saurayin ne, wanda ya rasu shekaru da suka wuce. Ta yi mini bayani a hankali, har da zane a bayan takarda, cewa sai magada sun fara rubuta karɓar gadonsu a rajista kafin wani ya iya sayar mini. Da na biya kuɗin a ranar, da na sayi motar da ba tawa ba. Ga layi a bayana, amma ba ta ɗaga murya ba, ba ta nuna gajiya ba, sai da ta tabbatar na gane. Ashe saurayin yana da 'yar uwa a Milan, ita ma mai haƙƙi ce, kuma daga baya ta sa hannu da yardarta. Ko da a nan aikinku ya tsaya, kun tsare ni daga cin dukiyar magada ban sani ba.

Ita ce kuma ta ba ni shawarar in nemi takardar tarihin mota, wadda kuke kira estratto cronologico. A nan na san cewa tun 1927 ake riƙe wannan rajista a hannun ƙungiyar masu motoci ta ACI, kuma kafin zuwan kwamfuta da alƙalami ake cike manyan kundaye, kowace mota da shafinta.

Na karanta shafukan nan ya fi sau ashirin. Mai ita na farko an haife shi a yankin Fuliya, can kudancin ƙasar, amma adireshinsa a unguwar Mirafiyori yake, dab da masana'antar Fiat da aka buɗe a 1939. A shekarun 1950 da 1960 dubban mutanen kudu suka yi ta kwararowa Torino neman aiki. Ɗan ci-rani ne kamar ni. Bashi ya ci ya saye ta, don ga jinginar kamfanin SAVA mai ba da lamunin motocin Fiat a rubuce, ga kuma layin da aka soke jinginar bayan ya gama biya. Na daɗe ina kallon layin nan. Na san abin da ake nufi da cire wani abu daga albashi wata bayan wata a garin da ba naka ba, har ranar da za a ce ka sauke nauyi. A 1979 motar ta koma hannun wata mace mai irin sunansa na dangi, ta hanyar gado. A 1991 ta tafi ƙauye. Ni ne na huɗu, in ba a ƙirga magadan da suka sayar mini ba.

Takardar nan ce ta ja ragamar gyaran. Bakaniken da na kai wa, dattijo ne da ya yi rayuwarsa a kan irin waɗannan motoci, ya gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfen da wadda ke rajista, suka zo daidai. Daga nan ya ce ba za mu yi mata kwaskwarimar zamani ba, yadda ta fito haka za ta koma. Tsatsa ta cinye daɓen ƙasa da dokin ƙofofi da wurin ajiye batir a gaba, sai da aka yanke aka yi walda da sabon ƙarfe. Jan fentin da ke kanta ashe daga baya aka shafa. A ƙarƙashin robar gilashi muka tarar da launinta na asali, shuɗi mai haske, shi muka mayar. Injin yana baya, silinda 2, cc 499, ba lagireto, fanka ce ke sanyaya shi da iska. An sauke shi an sa sabbin fistin, an wanke kafireta. Wani ya ce in sa mata injin motar Fiat 126 mai ƙarfi da giyarta mai sauƙin shiga. Na ƙi. Gara in koyi taka kuloci sau biyu kamar yadda mai ita na farko ya koya. Wata 14 aikin ya ci.

Ranar da na ja ƙaramin hannun nan da ke tsakanin kujeru, injin ya yi tari sau biyu ya kama, dattijon ya cire hularsa. Tsawonta bai cika mita 3 ba, amma Dante Giacosa ya tsara ta yadda mutum huɗu za su shiga, kuma daga 1957 zuwa 1975 an ƙera kusan miliyan 4.

Wani abin da nake muku godiya a kansa shi ne lambar. Kun tabbatar mini ba a taɓa soke rajistar motar ba, don haka baƙar lambarta ta asali mai farin rubutu, mai farawa da TO, tana nan a jikinta. Da takardunku kuma na nemi shaidar motar tarihi daga ƙungiyar ASI, wadda ita ma a 1966 aka kafa ta.

Ranar Lahadin da ta wuce na tuƙa ta zuwa titin da ke rubuce a shafi na farko. Ginin yana nan. Na tsaya a ƙofarsa na kashe injin, na yi wa mutumin fatan alheri, sannan na juyo gida. A watan Yuli, in Allah ya kai mu, zan kai ta taron masu Fiat 500 a Garlenda, kuma kwafin takardarku zai kasance a aljihun ƙofa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku haƙuri da jama'a.

Naku,
Mai shuɗiyar Fiat 500, Torino