Wayar kabon ba ta kori jan ƙarfe ba tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin Hausawan Jidda da Makka, wanda na tabbata ya isa gida. Mai maganar yana cewa wai an ƙera wata waya ta kabon da ake kira "nano", wuta na bi ta cikinta ba turjiya ko kaɗan, ba ta zafi, ba ta ƙonewa, saboda haka jan ƙarfe ya gama yayi. Ni da gyaran wuta da naɗin koyil na mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da injin ruwa nake cin abinci a nan Jidda, kuma ina bin labarin wannan bincike saboda ya shafi sana'ata. Akwai gaskiya a maganar, amma an bar rabin da ya fi muhimmanci.

Abin da ake nufi shi ne nanotub, siririn bututu na kabon, sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir. Ƙwayoyin zarrar kabon ne ke jeruwa shimfiɗa guda, kusurwa shida-shida, sai ta naɗe ta zama bututu. Kaurinsa nanomita 1 ne ko 2, silin gashi ya fi shi kauri wajen sau 50,000. Sumio Iijima, masani ɗan Japan da ke aiki da kamfanin NEC, shi ya jawo hankalin duniya gare shi a 1991.

A cikin jan ƙarfe, ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wuta, tafiya suke irin ta mai fitowa daga Harami bayan sallar Juma'a, nan a bangaje shi, can a tare shi. Wannan karon da suke yi shi ne turjiya, shi ne kuma zafin da kake ji in ka taɓa waya. In waya ta ƙara tsawo turjiya ta ƙaru, in ta ɗau zafi ma haka, kusan kashi 4 cikin 100 a kan kowane digiri 10. Duk wanda ya taɓa ja wa mukayyif layi a saman rufi cikin zafin Jidda ya san wannan a aikace. Amma a cikin nanotub mai kyau, ilektiron kan yi tafiyar kusan kashi ɗaya cikin dubu na milimita bai yi karo da komai ba. A 1998 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, ƙarƙashin Walt de Heer, sun riƙa tsoma bututun cikin zaiba suna ƙara nitsar da shi, amma mitar awo ba ta nuna turjiyar tana bin tsawon da ya rage ba. Wallahi duk ma'aikacin wuta da ya ji wannan sai ya jinjina. Ga shi kuma bututun na jure wutar da ta ninka wadda jan ƙarfe mai kaurinsa zai jure kusan sau 1,000.

To amma ba haka ke nufin babu turjiya ba. Ko bututun da ba shi da aibu ko ɗaya, in aka haɗa shi da ƙarfe ta baki biyu, sai an sami turjiyar wajen om 6,500 (om shi ne ma'aunin turjiya), domin hanyoyin da ilektiron ke shiga ta cikinsa ƙidayayyu ne, kuma wannan iyaka ce ta halitta, ba ƙarancin gwaninta ba. A irin sirantarsa wannan abin yabo ne ƙwarai, jan ƙarfe ba zai kai haka ba. Sai dai waya mai amfani tana bukatar biliyoyinsu a jere. Na biyu, ba kowane bututu ke ba wuta hanya ba. Ya danganta da yadda shimfiɗar ta naɗe. In aka ƙera su, kusan ɗaya cikin uku ne ke da halin ƙarfe, sauran biyun rabi-da-rabi ne wajen ba wuta hanya, irin silikon, kuma tace su aiki ne mai tsada.

Babbar matsalar kuwa mu muka fi kowa saninta. In aka kira ni gidan da soket ɗin mukayyif ya ƙone, ba na samun wayar ta lalace a tsakiya. Ina kwance murfi sai in tarar da robar ta yi baƙi ta narke daidai wurin sukurun da ya saki, warin ƙauri na tashi, amma taƙi ɗaya daga nan wayar tana nan jawur kamar yau aka sa ta. A mahaɗa wuta ke cin waya. To, nanotub gajere ne. In aka murɗa su aka yi zare mai tsawon mita ɗaya, dole wutar ta riƙa tsallakawa daga wannan bututu zuwa wancan ba adadi, kuma kowane tsallake mahaɗa ce. Nan falalar bututu guda ke zubewa. Ƙungiyar Matteo Pasquali a Jami'ar Rice ta fitar da irin wannan zare a 2013, ta kuma ci gaba da inganta shi, amma mafi kyawun da suka nuna bayan shekaru yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. Inda ya fi shi ne rashin nauyi da ƙarfin jurewa lanƙwasa, shi ya sa masu jiragen sama ke sa masa ido.

Ba ina kushe abin ba ne, ina ma son in ga ranarsa. Tun 1998 aka yi tiransista, wato ɗan mitsitsin makunnin da ake haɗa kwamfuta da shi, da bututu guda a Delft ta ƙasar Holan. A 2013 Jami'ar Stanford ta haɗa ƙaramar kwamfuta da tiransista 178 na nanotub, a 2019 kuma jami'ar MIT ta Amurka ta yi mai fiye da 14,000. Yau ana zuba garinsa a batiran litiyom don wuta ta fi gudu a cikinsu. Ana kuma binciken fasa iskar gas a fitar da haidurojin, kabon ɗin ya zama nanotub, abin da ya kamata ƙasar da ke ƙona gas a banza kamar Najeriya ta sa wa kunne.

Abin da ya sa na damu shi ne kasuwa. Na ga 'yan'uwanmu masu zuwa Umara suna sayen naɗin waya mai araha za su kai gida a yi wayarin sabon gini, saboda an ce musu sabuwar fasaha ce, shi ya sa ba ta da nauyi. Na kankare bakin irinta da wuƙa a gaban wani dattijo, sai ga fari ya bayyana a ƙarƙashin jan. Alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyom kuwa kashi 61 cikin 100 kawai take ɗauka na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga ta da saki a bakin sukuru. Na ce masa, Baba, kada ka sa wannan a ɗakin da jikokinka ke kwana. Ba a sayar da wayar nanotub ta wayarin gida a shago, nan ko can. Wanda zai sayi waya ya kankare bakinta, ya ɗaga naɗin ya ji nauyi, in da hali ya auna turjiyarta da mitar awo, domin tsawon mita 100 na jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 2.5 bai kamata ya wuce kusan om 0.7 ba.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ku nemi malaman kimiyyar lantarki na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da ɗalibanmu da ke karatu a jami'ar KAUST ta Thuwal da ta Sarki Fahad a Dahran, su riƙa yi mana bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa a shafi na musamman, ko da sau ɗaya ne a wata. Masu sana'a irina za mu saya mu karanta wa yaranmu na shago.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Mai gyaran wutar lantarki,
Jidda, Saudiyya